Mai Ludayin Tsakiyar Fili

Wata Juma'a ce bayan la'asar, cikin kakar shekarar da manyan motoci sunka fara ratsa ƙasarmu zuwa aikin dam ɗin Bakolori. Gero ya shiga rumbu, gyaɗa na shanye a tsakar gida, ni kuma ban wuce shekara goma ba, ina tsugune bakin filin firamaren Bakura da faifan dafaffiyar gyaɗa a gabana. Samarin Talata Mafara ne sunka zo bisa kekuna su kara da namu. Ana cikin turnuƙu ƙwallo ya faɗo gaban yayana Sahabi, sai ya ɗora mashi tafin ƙafa ya tsaya cik, kamar wanda ya ji an kira sunansa daga nesa. Ƙarti biyu sunka taso mashi, 'yan kallo na ta ihu, "Buga! Buga mana!" Bai buga ba. Sai da sunka iso har yana jin hucinsu, sannan ya gangara ƙwallon ta tsakaninsu, a hankali, zuwa wani wuri da babu kowa. Na ce a raina ya ɓarar. Ashe abokinsa Ɗan Ige na tafe da gudu ta bayansu, ƙafarsa da ƙwallon sunka isa wurin tare. Ihun da anka yi ran nan har awakin ɗaure sunka tsinke igiya. Ni ko garin tsalle na kifar da faifan, yara sunka wawashe, na sha faɗa a gida ban ji zafinsa ba.

Ku da kunka tashi kunka tarar da ƙwallo rataye a kowane shago, da wuya ku gane. A zamanin nan guda ɗaya tak gare mu a unguwa duka, na fata, mai igiya a baki kamar zariyar wando, wani malamin makaranta ya bar wa yara shi da anka yi mashi canji. Filin kuwa shingen ƙaya na lambun albasa ya zagaye shi ta gabas da kudu. Duk wanda ya doki ƙwallon da ƙarfi ya faɗa ƙayar nan, to wasa ya mutu, sai baduku ya ɗinke fatar, sai mai facin keke ya liƙe robar ciki, wani lokaci har wata ya mutu wani ya tsaya. Shi ya sa mai ƙarfin ƙafa ba abin so ba ne a wurinmu, tsoronsa ake ji. Wanda ake so shi ne mai tafiyar da shi ƙasa-ƙasa, daga ƙafa zuwa ƙafa. Sunka sa wa Sahabi suna Mai Ludayi, don rabonsa irin na Innarmu ne in ta zauna gaban tukunyar miya: ta san mai ci da yawa, ta san mai fushi, ta san wanda anka manta da shi jiya. Yakan ce, "Ƙwallo ba jaki ba ne da za ka yi ta duka. Baƙo ne, raka shi ake yi."

A ɗakinmu ƙwallon ke kwana. In na gama surfe na ɗebo ruwa, aikina ne in zauna gindin turmi in cire mashi ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, in shafe shi da kitsen da Sahabi ke roƙowa wajen mahauta, in kife shi da ƙwarya don ɓera. Ƙawayena na carafke a ƙofar gida suna kirana, ni ina nan ina jinyar fata. Da damina kuma in na kai wa su Baba fura gona, sai Sahabi ya ce in tsaya can ƙarshen kunya. Ya ajiye goruba, ya tura ta da gefen ƙafa ta cikin kwarin kunyar, ta yi ta mirginawa tsakanin dawa har ta zo ta kwanta kan yatsuna, ba ta wuce ba, ba ta gaza ba. Baba ya ɗago daga noma ya ce, "Fartanya ke ciyar da gida, ba goruba ba." Amma ran wasa ni na sha ganin Baba maƙale bayan tsamiya, yana leƙe yana gyara hula. Sahabi ba ya da gudu, Allah ya jiƙansa, ko jakin kai taki sai ya tsere mashi. Ba wanda ya taɓa ganin laifin haka. Masu gudu sun yi yawa, su ke jiran shi.

Yanzu ga ni na tsufa, ɗa guda ya rage mani a ɗaki, jikana Bashar, wanda ubansa ya rasu ya bar mani. Gonarmu ta nesa ba a zuwa saboda ɓarayin daji. Sa'o'insa wasu na acaba, wasu sun tafi ramin haƙar zinare can bayan Maradun, inda ake dawo da wasu naɗe cikin tabarma. Abin da ya riƙe Bashar a gari ƙwallo ne. Ranar da na fara tsayawa na kalle shi yana wasa, sai na ga kamar yayana ne ya dawo. Bai taɓa ganin Sahabi ba, amma ga tsayuwar, ga jinkirin, ga rabon nan mai sanyi.

Bara wani koci ya zo zaɓen yaran da za a kai Gusau. Bashar ya dawo ya zauna bakin murhu bai taɓa tuwo ba. Na ce, "Maigida, yau kuma cefanen fushi ka kawo mani?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Tsohuwa, an ce ina riƙe ƙwallo, ba ni gudu, ba ni tarewa. In ba su ɗauke ni ba, rami zan tafi."

Na ja mayafi, ni da ban taɓa roƙon kowa kan wasa ba, na tafi filin. Kocin yaro ne mai ladabi, ya durƙusa munka gaisa har gida da gajiya. Na ce, "Ɗana, yaron nan shi ka raba masu." Ya ce, "Wallahi Inna na gani, ƙafarsa zuma ce. Amma ko a Turai an bar yayin mai tsayawa tsakiya yana tunani. Yanzu kowa gudu, kowa ƙwace. In na kai shi, ni za a yi wa dariya." Na ce, "To in duka sun zama karnukan farauta, wa zai nuna masu inda zomo yake?" Ya sosa ƙeya ya ce shi ma haka ya tarar. Da na ƙi tashi, ya ce Bashar ya koyi gudu, zai sake gwada shi.

Haka munka shiga. Da an sallame asuba in tashe shi, ya bi hanyar Dakko da gudu ya dawo yana haki kamar zai amayar da huhu, ni ina ajiye mashi fura mai kauri. Ran gwaji na je na tsaya. Ya yi gudu, wallahi ya yi. Ya bi wannan, ya bi wancan, ya faɗi, ya tashi. Amma da ƙwallo ya zo mashi sai ya yar da shi da sauri kamar garwashi, ko duba inda za shi bai yi ba. Gudun bai kai na masu gudu ba, salon nashi kuma ya zube a hanya. Anka kira sunaye, babu nashi.

Bai yi mani gardama ba, bai ɗaga murya ba. Ranar kasuwar Mafara ya ɗaura ɗan ƙunshinsa, ya durƙusa ya ce in yafe mashi, ya hau bayan babur. Na riƙe rigarsa har sai da mai babur ɗin ya ce, "Inna, ki yi haƙuri."

Tun daga nan kowace Talata ina tashar 'yan acaba, ina tambayar masu fitowa daga wajen Maradun. Makon jiya wani ya gane shi. Ya ce, "Siririn nan? Ai lafiya lau yake, Inna. Shi ka shiga can ƙasa ya fito da buhu, duk ramin ba wanda ya kai shi sauri." Yana faɗi yana murna, shi a ganinsa albishir ya yi mani.

Mu da munka tashi, in yaro mai nawa ne gari kan tsaya ya ga abin da nawarsa za ta haifa. Yanzu ba mai tsayawa, kuma ban ga laifin kowa ba, kowa korar shi ake. Ni dai ba ni da sauran ƙafar zuwa Maradun. Allah ya sa ramin ya yi mashi haƙurin da fili bai yi mashi ba.