Sikelin da Ba Mai Saya

Ku gyara zama, shayin bai huce ba tukuna, in ba ku labarin Meng Dehou, mai sassaƙa sikeli a garinmu na tuddan Shanshi.

A wancan zamani azurfa ce kuɗi, auna ta ake yi, kuma kowane kanti sikeli biyu gare shi, na karɓa daban, na bayarwa daban. Kowa ya sani, ba mai jin kunya. Meng kaɗai ya ƙi yin irin wannan. Shekara talatin yana dasa ɗigon tagulla a jikin sandar sikeli daidai wa daida, shekara talatin 'yan kasuwa suna wuce ƙofarsa.

Matarsa Suilan takan ce, "Tsoho, gaskiyarka za mu dafa yau, ko an samu gero?"

Shi kuma ya ce, "Dafa rabi, ki rage mana na gobe."

Ana nan sai fadar sarki ta sa hannu a takarda, ta ba wani kamfanin Turawa tsaunin kwal ɗinmu. Tsaunin da kakanninmu ke kwance a kansa, mazan gari ke haƙar kwal suna ci a ƙarƙashinsa, har da ɗan Meng. Aka yi shekaru ana ja-in-ja, daga ƙarshe kamfanin ya yarda a fanshi tsaunin da azurfa, ya sa rana. In ranar ta wuce, magana ta mutu.

Gida-gida aka tara azurfar. Ranar ta zo, aka ɗora a sikelin attajiran gari, ta cika. Aka ɗora a na Baturen kamfanin, ta kasa. Aka kaure da musu a farfajiyar hakimi har rana ta karkata. Can Baturen ya sa tafintansa ya tambaya ko akwai sikelin da 'yan kasuwar garin ba sa so. Jama'a suka tuntsire da dariya, aka aika a kira Meng.

Ya zo ya rataye sandarsa, ya yi ta aunawa kashi-kashi. Da ya gama sai ya sake duba ɗigon sandar.

Shugaban attajirai ya raɗa masa, "Kawu, ka tuna fa kai ɗan gari ne."

Meng ya ce, "Na tuna. Ta kasa. Ba kamar yadda baƙon nan ya faɗa ba, amma ta kasa."

Wani ya zage shi daga baya. Suilan ta ratso taron, ta zare tsinken azurfar da ke gashinta, na ranar aurenta, ta jefa a faranti. Ta ce, "Auna, tsohon banza. Dama ka daɗe da daina kallon kaina."

Sai matar mai wainar gero ta cire 'yan kunnenta. Sai wata, sai wata. Kafin faɗuwar rana sanda ta miƙe sak, Bature ya sa hannu.

Bayan 'yan shekaru sabon kuɗin azurfa mai hoton dodo ya cika kasuwa, ana ƙirgawa ba aunawa, sikelin attajirai duk suka koma ƙarƙashin gado. Na Meng kuwa, mahaƙa suka ce ba su yarda a auna kwal ɗinsu da na kowa ba sai nasa. Ya tsufa yana sassaƙa manya-manya, gero bai ƙara yanke musu ba. Ya saya wa Suilan sabon tsinke, ta ce bai kai tsohon kyau ba, amma da shi aka binne ta.

To ku, da ku ne riƙe da sandar nan, gari duk ya zuba muku ido, me za ku ce ta nuna?