Kiran Ranar Laraba

Ƙanena ɗan acaɓa ne. Da ya karye a hanyar Assakio aka ba shi tiramol. Ƙafa ta warke, ƙwaya ta ƙi sakinsa. Da faɗa da lallashi na ja shi asibiti, inda masu irin matsalarsa ke zama duk Laraba. Wata nas mai faɗa irina ce ke sauraronsu, sannan a ba su magani. Wata biyar bai yi fashi ba, har kumatu ya fara yi.

Sai korona ta zo aka hana taro. Nas ta ce zama ya tsaya, za a damƙa maganin wata guda a hannun babba a gida, ita kuma za ta riƙa kira duk Laraba ta yi magana da shi. Wayarsa tuni ya sayar, sai na ba da lambata.

To, a ƙofar gida nake sayar da doya lokacin, kuma ba a rasa maƙwabta zaune a benci. Haka kawai in kama zancen ƙwaya a gabansu? Allah ya kiyaye. Nas ta kira ta tambayi mai jiki, na ce da sauƙi, alhamdu lillahi, yadda ake amsa wa kowa. Ta ce in ba shi, na ce ya fita. Wallahi yana ɗaki, ina jin tarinsa. Mako na biyu na ce yana barci. A hankali ta daina neman sa, abin da na faɗa shi take rubutawa. Magani kam kullum sai na ga ya haɗiye, ni a wautata na ɗauka shi ke nan aikin.

Kafin sabuwar doya ta fito ya koma ruwa. A idonsa na gane. Na wanke shi tas, babu abin da ban faɗa ba, shi kuwa kansa a ƙasa. Sai da na gaji don kaina ya ce, "Yaya, matar nan ta ce za ta kira ni. Ko sau ɗaya ba ta kira ba. Ita ma ta gaji da ni ke nan."

Kunya ta rufe ni, na ce ya tashi ya ci abinci.

Da aka dawo da zaman asibitin ya ƙi komawa, wai ba ya zuwa inda aka manta da shi. Yana nan yana sha. Har yau ban faɗa masa ba.