Cikin Kaltuma Mai Kitso da Ya Ƙi Farkawa

A shekarun da ake ginin ganuwar Birnin Damagaram, an yi wata mai kitso a unguwar Zango, sunanta Kaltuma. Hannu dai ba a magana, baki kuwa sai dai Allah ya shirya. Shekara ashirin da ɗoriya tana ɗakin Bukar baduku, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Da ta rasa nata, sai ta koma lissafin na mutane.

Ba ta tambayar kowa. Kitso wuni yake ci, azahar kuwa ba ta fashi. In ladan ya kira salla, wadda ake wa kitso ta miƙe ta ɗauki buta, to, da tsarkinta. In ta yi zamanta tana taunar aya, jini ya zo. Kaltuma kuwa ba gidan da ba ta shiga, duk tana riƙe da wannan a ka. Mace ta jera wata biyu ba fashin salla, sai ta ja mata gashi ta ce, "Ke, ya shiga. Rabonki da jini tun watan Cika-ciki, ki tanadi itacen wankan jego, bayan Ƙaramar Salla za ki sauka." Kuma haka za a yi. Sau da yawa takan riga mai cikin sani. Miji kuwa shi ne na ƙarshe, kamar kullum.

Da a nan ta tsaya, da an gode mata. Amma Zango unguwar fatake ce, maza su bi ayari zuwa Gat ko Kukawa a shekara ba a ga ƙeyarsu ba. Da Zuliha matar Alkasum falke ta haihu, mijin ya fi shekara da tafiya, tsofaffi suka ce ciki ne ya kwanta, sai yanzu ya tashi. Kowa ya rufa, ban da Kaltuma. A tsakiyar taron suna ta tafa hannu ta ce, "Wace kwanciya? Bayan tafiyarsa sau uku ina yi mata kitso tana taunar aya da azahar!" Da ƙyar aka binne maganar kafin ayari ya dawo. Zuliha ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Ana nan, Kaltuma ta haura arba'in, sai nata jinin ya ɗauke. Wata ɗaya, wata biyu. Kai, zo ka ga murna! Ta zauna ta yi lissafi: rabonta da shi tun Ƙaramar Salla, haihuwa sai watan azumin tsofaffi. Bukar ya sayi ragon suna ya ɗaure. Ita kuma ta sa aka saƙa mata zanen goyo, ta kai marina aka rina shi da shuni. Ta shiga tofar da yawu a gidajen mutane, tana tafiya hannu a ƙugu.

Watan ya kama, ya mutu. Na bayansa ma haka. Ciki na nan a shafe kamar faifai. Matan Zango, da ta yi shekara da shekaru tana ƙirga musu wata, kowacce ta wasa harshenta. Ran nan ta shiga gidan biki, sai wata ta ce, "Kaltuma, ina aka kwana a lissafi?" Kaltuma ta san amsar sarai, ai aikinta ne: girma ne ya zo, ba ɗa ba. Kunya ta kama ta, tsoro ya kama ta, don ta ga kalmar juya a kan harshen kowa.

Zuliha ce ta yi magana daga ƙuryar ɗaki, 'yarta Shatu a kan cinya. "Ku ƙyale Yaya mana. Kwanciya ya yi. Ai yana yi."

Kaltuma ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Yana yi."

Shi ke nan, cikin Kaltuma ya kwanta, bakinta ma ya bi shi. Duk matar falken da ta haihu ba kan ƙa'ida ba, ita ce kan gaba wajen shaida. A gaishe ta, "Ina mai barci?" ta ce, "Yana nan, bai motsa ba." Ragon suna ya yi ƙiba, ya tsufa, haƙoransa suka zube. Bukar ya hana a yanka shi ko da Layya, har ya mutu don kansa. Ba a jima ba Bukar ya bi shi.

Kaltuma ta tsufa tukuf, amma ido bai mutu ba. Wata rana Shatu, da yanzu tana ɗakin miji, ta zo kitso. Aka kira azahar, ta ɗauki buta, wata na biyu ke nan ba fashi. Da ta dawo, tsohuwa ta ja mata gashi. "Ke, ya shiga. Da kaka za ki sauka."

Ta rarrafa ɗaki ta fito da zanen goyon nan, yana nan a naɗe, har yanzu da ƙanshin shuni. Ta ɗora wa Shatu a cinya.

"Ungo. Aro ne fa. Ranar da nawa ya farka, ki maido mini abina."

Shatu ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta dubi fuskar tsohuwar. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta ce, "To, Iya."