Gayyar Ɗaukar Inji a Bakin Kanal

Jirgin ba nawa ba ne, na Baba ne. Ni bakanike ne, a Kaduna na koyi aiki kan manyan motoci da injin niƙa, kuma kafin waccan shekarar ban taɓa sa sifana a jikin abin da ke tafiya kan ruwa ba. Da na zo Manchester na samu gurbi a garejin da ke gyara motocin kwashe shara, na daɗe a wurin, har lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka rage mu. Na koma wani shagon taya a Longsight, yau a kira ni, gobe a ce in huta. Matata ce ta riƙe gidan da aikin kula da tsofaffi. Zamanin bai yi mini daɗi ba, amma har yanzu idan na zauna shiru, bakin kanal ɗin nan nake komawa, wato hanyar ruwan da aka haƙa don jirage.

Baba mutumin Numan ne, Kirista, ya girme ni nesa ba kusa ba. A shagon mai nama muka haɗu, ya ji ina faɗa da wani a waya da Hausa, ya jira na gama ya ce, "Malam, ka bar masa, ka ci." Shi ke nan muka saba. Yana gadi da shara a wani zauren matasa a Hulme, aka rufe zauren. Matarsa ta riga ta rasu, 'yarsu ɗaya tana aikin jinya a Birmingham. Sai aka zo da dokar nan ta cewa mai ɗakin da ba kowa a ciki za a rage masa tallafin haya. Baba bai yi gardama da kowa ba. Ya miƙa makullin gidan hayar, ya kwashi tukwanensa da Littafinsa ya koma cikin wani tsohon jirgi da ya saya tuntuni a hannun wani Bature don kamun kifi.

Asalinsa ƙaramin jirgin teku ne, irin mai dogon itace a tsakiya da ake ɗaura wa ƙyalle iska ta tura. Wani ya kwantar da itacen don jirgin ya iya wucewa ƙarƙashin gadoji, Baba kuma ya mai da shi wurin shanya. Ciki akwai gado ɗaya, murhu, da taga guda biyu masu yoyo. Mutanen cocinsu sun yi ta roƙonsa ya karɓi ɗaki a wurin wani, ya ƙi. Ya ce ubansa tuƙin jirgi ya yi a Binuwai, shi a kan ruwa aka yaye shi.

Matsalar ita ce dokar kanal. Wanda ba shi da wurin ɗaure jirgi na dindindin, dole ya riƙa matsawa gaba duk bayan mako biyu, in ba haka ba a hana shi lasisi, a ɗauke jirgin daga ruwa. Injin Baba kuwa ya mutu. Akwai wani Bature mai keke da ke zagayawa yana duba jirage, mutumin kirki, ya ɗaga masa ƙafa sau da yawa. Wata rana ina wurin ya ce masa ya yi iya yinsa, idan ya dawo ƙarshen wata mai zuwa ya tarar da jirgin a nan, abin ya fi ƙarfinsa.

Na buɗe injin na duba. Ruwa ya shiga ya kwana a ciki, fistin ya kama, tsatsa ta cinye ko'ina.

"Yaya, Oga bakanike?" in ji Baba.

"Baba, wannan sai dai addu'a, kuma ba ta tashi ba, ta jana'iza."

"Ku fa 'yan Kaduna an ce ba abin da ba ku tayarwa."

"Wanda ya suma muke tayarwa. Wannan ya ruɓe."

Ya yi dariya, sannan ya zauna a bakin gado. In jirgin ya tafi, ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa sai ɗakin jikokinsa, abin da ya fi tsana ke nan, ya zama kaya a gidan suruki.

'Yar tasa ce ta samo wani injin, a wani wurin da ake farfasa tsofaffin jirage a gefen Birmingham. Na ari motar shagonmu muka tafi. Injin ƙarami ne mai silinda biyu, na hannu amma da sauran rai. Na sa aka tayar mini a ƙasa, na kasa kunne, na ce a ɗora. Muka biya gidanta muka ci shinkafa. Da za mu tafi ta ja ni gefe, da Hausarta mai ɗingishi ta ce, "Uncle, in bai tashi ba ka kawo mini shi."

"Injin?"

"A'a, Daddy."

Sai da muka dawo na ga abin da ban yi lissafi da shi ba. Mota ba ta kaiwa inda jirgin yake. A kan gada take tsayawa, daga nan sai matakala, sai siririyar hanya a bakin ruwa mai ɗan nisa. Turawan da ke jiragen kusa suka ce sai an ɗauko janwe ko a ja jirgin zuwa wurin gyara, duka biyun ba na mai aljihu irin namu ba ne. Baba ya dubi injin, ya dubi hanyar, ya ce, "A gida da me muke ɗaukar jinka?"

Na ce, "Da mutane."

"To, a kira gayya."

Ban yi zaton za a zo ba. A ƙasar nan kowa da agogonsa, ɗan'uwanka ma sai ka yi masa waya kafin ka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Baba ya faɗa a coci, ni na faɗa a masallaci bayan Juma'a. Ranar Asabar da hantsi na iso gada na tarar da mutane kamar ana rabon abu. Ga 'yan cocinsu daga Levenshulme, direbobin bas da masu gadi, ga ɗaliban jami'a da suka zo karatu daga Kano da Sakkwato, wasu da takalma masu ƙyalli kamar za su ɗaurin aure. Matan zumunta sun zo da kuloli, masa da miyar taushe da kunun gyaɗa, suka shimfiɗa zani a kan ciyawa. Shugabarsu, wata uwa mai murya, ta tsaya a kan abincin da ludayi ta ce wanda bai yi gumi ba kada ya matso.

Muka ɗaure injin da igiya a jikin ƙarafa biyu na masu gini, mutum huɗu gaba, huɗu baya, ana canji. Wani dattijon coci mai tumbi, wanda bai ɗauki komai ba, shi ya fi kowa ba da umarni.

Ya dubi wani ɗalibi ya ce, "Dakta, ɗaga naka ɓangaren! Ko littafi ne kawai kake iya ɗagawa?"

"Ranka ya daɗe, ai kai ma ka ɗauko kaya tun daga gida, ga shi nan a gabanka," in ji ɗalibin, yana nishi.

Wani ya ɗauko waƙar noma ta garinsu, waɗanda ba su san ta ba ma suka riƙa amsawa. Masu yawo da karnuka suka tsaya suna kallo, wata tsohuwa ta tambaye ni ko gawa muka ɗauko. Rabon da in ji Hausa ta cika wuri haka, da ihu da zolaya, tun ina gida.

A bakin jirgin muka yi wautar. Na shimfiɗa katakai daga gaɓa zuwa cikin jirgi, na ce mutum huɗu kawai su shiga da injin. Amma abin kunya ne mutum ya zo gayya ya ci masa da miya, a ce hannunsa bai taɓa kaya ba. Duk wanda bai samu ɗauka a hanya ba, nan ya ga damarsa ta ƙarshe. Kafin in ɗago kai sun bi injin sun dira, wannan ya riƙe igiya, wancan ya dafa ƙarfe, wani ma kafaɗar mai ɗauka ya dafa don dai a ce da shi. Dukansu a gefe ɗaya. Yawancinmu mutanen tudu ne, mun ɗauka jirgi kamar bayan tirela yake.

Jirgin ya kwanta. Na ji tukwanen Baba suna zubowa a ciki, ruwa ya fara hawowa ta gefen, injin ya zame a kan katako ya nufi kanal. Mata suka sa salati da kiran Yesu a tare.

Sai Baba ya daka tsawa. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba, mutumin da in yana magana sai ka matso.

"Kowa ya tsaya inda yake! Kada wanda ya yi tsalle! Kai mai jar hula, zauna. Kai, rarrafa ka koma wancan gefen. Rarrafe na ce, ba tafiya ba!"

Ya riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya, yana aika masu nauyi can ɗaya gefen. Ya dubi dattijon nan mai tumbi ya ce, "Dattijo, yau ranarka ce. Je can ƙarshe ka zauna, kada ka motsa."

"Ni aikina ke nan?"

"Duk nan ba wanda zai iya shi sai kai."

Mutumin ya rarrafa ya zauna, jirgin ya miƙe a hankali kamar mai tashi daga barci. Aka fashe da dariya har masu riƙe da injin suka kusa sakinsa. Haka muka zura shi cikin raminsa, rabin gayya suna zaune a gefe suna aikin nauyi, kowa ya samu abin da zai ce ya yi. Da aka zo cin abinci dattijon ya miƙa kwano, uwar zumunta ta ce ba ta ga gumi ba. Ya ce ta tambayi mai jirgi. Baba ya ce a ƙara masa biyu, a ajiye shi don gaba. Muka yi azahar a kan kwalaye a bakin ruwa, 'yan coci suna tsare mana takalma kada karnuka su ɗauka.

Bayan an watse aikin ya koma nawa ni kaɗai, kuma shi ne mai cin rai. Ƙafafun sabon injin ba su zauna inda na tsohon suke ba, sai da na huda sababbin ramuka. Ramin kuwa matsattse, ina kwance a kan ciki, kaina a ƙasa, hannu ɗaya ne ke shiga. Injin jirgi ba shi da lagireto irin na mota, ruwan kanal yake zuƙa ya huce, wannan ma sai da wani maƙwabcin Baba ya nuna mini. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne daidaita bakin injin da sandar farfela. In ya kauce ko kaɗan, jirgin zai yi ta karkarwa har ya ci kansa. Na yi ta yanka gwangwani ina cusawa ƙarƙashin ƙafafun, in ɗaure, in kwance, in sake. Noti ya faɗa cikin baƙin ruwan ƙasa, in lalubo shi da yatsa ina zagi. Baba yana zaune a sama yana miƙo mini sifana, kullum ba wadda na ce ba, yana ba ni labarin dorinar ruwa da kasuwar kifi. Duk ranar da shago bai kira ni ba, can nake wuni. Mu sha shayi, mu yi musu kan ko kifin kanal na ciwuwa. A watannin nan nan ne kaɗai wurin da ban ji ni ragowar mutum ba ne.

Ranar da zan tayar, na zuƙo man dizal da baki ta tiyo kamar yadda muke yi a gida, na tofar, na kwance nozul na fitar da iska. Na murɗa makulli. Ya yi tari, ya yi shiru. Na sake. A karo na uku ya kama, baƙin hayaƙi ya fita, sannan ruwa ya fara tsartuwa ta baya yadda ya kamata. Baba ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, bakinsa na motsi. Ni ma na ce alhamdu lillahi.

Mai keke ya dawo ya tarar da wurin ba kowa. A ranar da Baba ya kwance igiya na bi shi da ƙafa ta bakin ruwa, don jirgin bai fi tafiyar mutum sauri ba. Yana riƙe da sandar tuƙi, ƙirji a buɗe, yana ɗaga wa kowa hannu har da agwagi.

Sai a lokacin na gane abin da na gyara. Jirgin da ke tafiya ba ya zama kusa da kowa. Da farko bas ɗaya ke kai ni inda yake, daga baya sai biyu, daga baya sai jirgin ƙasa da doguwar tafiya. Ya yi ta gangarawa kudu, mako biyu nan, mako biyu can, har ya isa Birmingham kafin sanyi ya kama. Can ya ci gaba da zagayawa a kanal ɗinsu, kusa da 'yarsa amma ba a cikin gidanta ba. Jikoki su zo masa ranar Lahadi, da yamma ya sallame su ya rufe ƙofarsa.

Na je masa sau ɗaya a can. Ya ƙara tsufa, gwiwa ta fara ba shi wahala, amma ko zama bai bari na yi ba ya ce, "Tsaya ka gaisa da mutuminka." Ya murɗa makulli, injin ya tashi bugu ɗaya. Muka tsaya muna saurare.

"Yaya ka ji shi?"

"Bel ya saki, Baba. Kuma ba ka canza mai."

"Daga zuwanka sai faɗa?"

Na cire rigata, na ce ya miƙo mini sifana.