Bidiyon sunan jikata ya ƙi fita

Duk sanda na danna wurin fitar da bidiyon, sai layin ya yi ta cika, ya kai kusan ƙarshe, ya tsaya cak. Bidiyon sunan jikata nake haɗawa a waya don in tura wa ubanta, ɗana soja, da bai samu hutu ya zo ba.

Na kai wa Emeka mai gyaran waya a kasuwa. Ya duba ya ce, "Baba, ka goge wani guntu daga wayar nan?"

Na ce, "Na goge inda ƙanena Audu ya fito. Mutumin da ya ci mini iyakar gona a Dabai ba zai shiga bidiyona ba."

Ya ce, "To shi wayar take nema ta rasa. Ko ka dawo da shi, ko mu cire gurbin gaba ɗaya."

Na ce a cire. Sai ya nuna mini ɗan hoton da ya rage a gurbin: Audu ne riƙe da jaririyar, daidai lokacin da ake faɗin sunanta. In an cire, ɗana ba zai ji sunan 'yarsa ba. Kuma matar Audu ce ta ɗauki bidiyon wurin da wayarta.

Jama'a, wanda ya zo sunan ya ɗauki bidiyon wurin, ya yi magana a ƙasan wannan rubutun. In babu, gobe zan je gidan Audu. Amma bidiyo zan karɓo, ba gaisuwa ta kai ni ba.