Wasan Taubashi a Bakin Tekun Yanbu

Zamana a Madina a hannun taubashina yake. Shi ne kafilina, shi ke sa hannu duk shekara a sabunta mini iƙama, wato takardar izinin zama, kuma ran da ya ƙi, ni da maiɗakina da 'yan matanmu biyu sai Kano. Ɗan goggona ne, ƙanwar babana da aka tafi da ita hajji a ƙasa tana yarinya, ba ta sake komawa gida ba. A unguwar Ƙurban suke zaune. Shi ɗan ƙasa ne, yana jin Hausa sarai, amma rabin amsarsa Larabci. Ni kuwa direba ne a wata gonar dabino a Al-Awali.

Shi ya koya mana risha, wasan nan da ake ɗaura raga a tsakiya a riƙa dukan ɗan ƙwallo mai gashin tsuntsu da raket. Duk Alhamis bayan la'asar muna fama a gonar har magariba. Sau ɗaya a wata kuma mu cika mota da tukunyar shinkafa da filas ɗin shayi, mu kama hanyar Yanbu da asuba. Mata su baza tabarma, yara su faɗa ruwa da rigunansu, mu kuma mu ja layi a yashi mu kafa raga, iska tana ta yi mana wasa da ƙwallo.

Ni mutum ne mai baki, kuma a gidanmu taubashi ba ya sakat. A wajenmu ɗan namiji ne ubangida, ɗan mace bawansa. Ka fizge masa hula, ka zage shi tas, dariya kawai za a yi. Tun zuwana nake yi masa, shi kuwa sai ya kau da kai. Maiɗakina ta ce in rage, mutumin nan ba ya so. Na ce ta rabu da ni, zaman Makka da Madina ne ya ɓata shi, ni zan gyara shi.

Ranar da abin ya faru muna bakin tekun Yanbu, ya zo da abokan aikinsa biyu, Larabawa. Na cinye shi sau biyu a gabansu. A na uku ya ce ƙwallon a waje ya faɗi, ni kuma na ga ƙarya ce. Na tsallaka raga, na fizge ƙyallen da ya yafa a kansa na cilla sama, na ce bawa ba ya musu da ubangidansa. Ɗaya daga cikin abokan ya tambayi abin da na ce. Ni da wautata, ina dariya, na fassara masa da Larabci.

Ban ga tahowar raket ɗin ba. Gefensa ya sauka a girata, fata ta tsage, jini ya rufe mini ido. Ya ƙara mini a kunne har katakon ya karye. Wallahi daga nan ban san kaina ba. Da ma ni ɗan kokawa ne tun ƙuruciya, sai na sunkuya na sure shi na maka da ƙasa a inda ruwa ke tahowa. Na danne ƙirjinsa da gwiwa, na yi ta naushin bakinsa har na ji haƙori ya yanke mini hannu. Igiyar ruwa ta zo ta rufe masa fuska, ni kuma ban ɗaga shi ba, na riƙe wuyansa a ciki yana shure-shure. Ina jin ihun yarana ban saki ba. Maiɗakina ce ta maka mini filas a ƙeya, sannan abokan suka janye ni.

Suka ce a kira 'yan sanda. Taubashina ya tofar da jini da yashi ya ce a'a, ni ɗan kawunsa ne. Ni na tuƙo mu gida da ido ɗaya a rufe.

Saura mako uku iƙamata ta ƙare. Tsoro ya kama ni, amma har lokacin ina ganin ni ke da gaskiya, tunda shi ya fara duka. Na je wajen goggo don ta sa baki, na ce ai ta san wasan gida ne. Ta bar ni na gama surutuna.

"Ɗan nan, ka taɓa tambayar abin da ya hana ni komawa?"

Na ce ban taɓa ba.

"Sayar da ni aka yi a hanya. Mijina ma bawan gidan da aka kai ni ne, a can na haifi wannan yaron. Da wayonsa aka 'yanta mu. Sunan da kake kiransa da shi, ya amsa shi shekara goma sha biyu."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na jira shi a ƙofa har ya dawo daga aiki, leɓe a ɗinke, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ya san ban sani ba, kuma ya yafe, amma ba zai iya ci gaba da jin muryata ba. Bayan kwana goma aka kawo mini fasfo da hatimin fita ba dawowa.

Da muka je sallama, goggo ta riƙe hannun rigata ta ce in gaishe da yayanta, kuma kada in gaya masa. A Kano baba ya zaunar da ni ya tambayi yadda ƙanwarsa ta yi rayuwa. Na ce masa aure ta yi a gidan mutunci tun zuwanta. Ya yi ta hamdala, kuma a kan haka ya rasu.