Goɗiyar da Na Kwance a Safo

Ni ɗan Madarumfa ne, gidanmu a bakin tabki, noma da damina, su da rani. Ban taso da halin ɓera ba. Abin da ya yi mini yawa shi ne son jin labari, kuma shi ya ja ni har na sa wani bawan Allah ya shiga kaso bai ci ba bai sha ba. Samari, ku saurara ku ji yadda aka yi.

Bayan yaƙin Nasara ya ƙare, wani tsohon soja ya dawo garinmu, ana ce masa Kafaran. Ya zo da wani littafin Faransanci mai kauri, bangonsa duk ya sha maiƙo. Da la'asar yakan zauna gindin tsamiya ya karanta, yana juya mana da Hausa. Labarin mutanen da ne, masu hula da gashin tsuntsu da siririn takobi. Jarumin yakan shiga fadar azzalumi ta taga, ya kara da dakaru a kan matakala, ya fito yana dariya, ya haye dokin da ya tarar a ƙofa ya ɓace.

Har yau ina mamakin abin da ke cikin irin labarun nan. Ba mu san ƙasar ba, sunayen ma ba su faɗuwa a bakinmu. Amma tsofaffin da suka ga zamanin hari da idonsu sukan bar hirarsu su matso. Ni kuwa na ishi Kafaran da tambaya. Takobin nan ba ya karyewa? Mutumin ba ya noma, me yake ci? Ya ce, "Kai yaro, labari ne. Wa ke tambayar tuwon jarumi?"

Na fara da ɗaukar wa fatake turamen zane ta bayan 'yan duwan, masu karɓar kuɗin fito a iyakar Ɗan Issa. A raina su ne dakarun azzalumi, ni ne mai takobi. Daga nan na soma rage kayan fataken. Sai kaji, sai awaki. Duk wanda zan yi wa sata, sai na fara laƙaba masa zalunci a zuciyata, don hannuna ya yi sauƙi.

Wata rana da tsakar rana wani gardi, ɗan sandan Nasara, ya biyo ni a gefen Safo. Na hangi goɗiya ja mai farin goshi ɗaure a bayan wani gida, da ciki. Na yanke igiya na haye, na bar gardi yana haki. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na ƙetare iyaka na sayar da ita.

Daga baya aka kama ni, kuma ba a kan wata bajinta ba, a kan bunsuru. Aka kai ni kaso a Maraɗi, muna buga tubali. In an ba mu hutun rana sai in ɗauko labarin Kafaran. Kowa sai ya yi tsit, har masu gadinmu. Akwai wani dattijo, Nomau, cikin masu bin addinin kakanni, ba ya magana da kowa. Ran nan na kai inda jarumi ya haye doki, sai ya ɗago kai.

"Ɗan samari, dokin ga da ya hau, na wa ne?"

Na ce, "Baba, littahin bai hwaɗi ba."

"To shi mai dokin, mi ya same shi?"

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce abin da ya sa ya tambaya, wani attajiri ne ya ba shi kiwon goɗiya, a kan ɗan fari na mai ita, na biyu nasa. Ya riga ya miƙa na fari, wanda ke cikin ne rabonsa. Sai aka kwance ta a bayan gidansa a Safo. Attajirin ya ce sayarwa ya yi. Nomau ya rantse da abin da yake bauta wa, ba a karɓa ba, kumandan, Baturen mulki, ya ɗaure shi. Ja ce, in ji shi, mai farin goshi.

Nan take na gane goɗiyar da na kwance ce. Ba wanda ya sani sai ni da Allah, kuma na yi kwanaki ina haɗiye maganar. Abin mamaki, littafin da ya ɓatar da ni shi ya hana ni sakat. Jarumin nan, duk iskancinsa, bai taɓa barin a ɗaure wani a madadinsa ba. Na ga ashe hawan dokin kawai na kwaikwaya, na bar wannan. Na je wurin babban gardi na faɗi gaskiya. Na sha bulala, aka ƙara mini zama, aka saki Nomau.

Da na fito na tuba, na ɗauki hauya na nufi Safo. Na tarar gonarsa ta zama daji, matarsa ta koma gidansu da yara. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yahe mini." Ya nuna mini gonar ya ce, "Soma daga can."

Ni dai har gobe ina son labarun nan, ba zan ce ku guje su ba. Ku karanta, ku sha daɗi. Amma in jarumi ya ɗauki abin da ba nasa ba ya wuce, ku dakata ku duba wanda aka bari a tsaye, kada ku bi sawuna. Na yi wa Nomau noma damina bayan damina, muna ci a ƙwarya ɗaya. Ya rasu bai ce ya yafe ba.